Yadda Za Ka Gyara Amalankenka da Kanka Ba Tare da Kashe Kuɗi Masu Yawa Ba

Ka san matsayin amalanke a ƙasar Dakoro. Daga Kornaka zuwa Birnin Lalle, har can kwarin Tarka, shi ne ke ɗauko ruwa daga rijiya mai nisa. Shi ke kai taki gona da rani, ya kwaso dammunan hatsi da kaka. Idan mace ta fara naƙuda da dare, ko yaro ya yi zazzaɓi mai tsanani, sau da yawa a kansa ake kai su asibiti. Ranar da amalanke ya lalace kuwa, aikin gida duka yakan tsaya, wahalar ta koma kan mata da yara.

Garin Dakoro yana da nisan kimanin kilomita 120 daga birnin Maraɗi, kuma ba kowane ƙauye ke da mai walda ko mai faci ba. Saboda haka yana da kyau mai amalanke ya iya yawancin gyaran da hannunsa. Wannan darasi zai nuna maka abin da za ka iya yi da kanka, da abin da ya wajaba ka kai wa gwani.

Sassan amalanke

Amalanke mai ƙafa biyu yana da manyan sassa biyar:

1. Tayoyi biyu, kowace da tiyub a cikinta, wato robar da ke riƙe iska.
2. Ƙarfen ƙafa, wato doguwar sandar ƙarfe da tayoyin ke juyawa a bakunanta biyu. A cikin cibiyar kowace ƙafa akwai boris, wanda ke sa ta juya da sauƙi.
3. Gadon ƙarfe, wanda ke ɗauke da nauyin kaya.
4. Katakon da aka shimfiɗa a kan gadon.
5. Hannaye. Amalanken jaki yana da hannu biyu, jakin yana shiga tsakaninsu. Na shanu yana da doguwar sanda ɗaya da ake haɗawa da karkiya.

A da, masana'antu irin su ACREMA a Tawa, da CDARMA a Doso, da UCOMA a Damagaram sun yi suna wajen ƙera amalanke da kayan noman dabbobi. Daga baya masu walda na garuruwa suka ƙware a aikin. A watan Janairu na 1994 an rage darajar kuɗin sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, tsofaffin kayan mota suka ƙara daraja a wurin masu ƙira. Yawancin amalanken da kake gani a yau da tayoyi da boris irin na mota aka yi su. Wannan alheri ne gare ka, domin za ka iya samun irinsu a wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota.

Ka duba kafin ka saya

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne mutum ya tafi kasuwa bai san ainihin abin da ya lalace ba. Ka kwance dabbar, ka sauke kaya duka, ka ajiye amalanken a wuri mai tauri inda haske yake. Ka kankare laka da ƙura. Sannan ka bi sassan nan biyar ɗaya bayan ɗaya, kana gani da ido, kana taɓawa da hannu.

Ka ɗauki littafinka ka rubuta abin da ka gani, ka kasa shi gida uku. Gida na farko, abin da zai iya jawo haɗari: tsagewar ƙarfen ƙafa, karyewar hannu, ƙafar da ke rawa. Gida na biyu, abin da zai ƙaru idan an bar shi: tsatsa, noti da ya kwance, katakon da gara ta fara ci. Gida na uku, abin da zai iya jira, kamar fenti. Kuɗinka su fara da gida na farko.

Kayan aikin da kake bukata ba su da yawa: sifana da ta dace da notocinka, filaya, guduma, famfon iska, ƙarfe biyu masu faɗin baki na ɓanɓaro taya, faci da sholisho, giris, kananzir, da tsumma mai tsabta. Idan ba za ka iya sayensu kai kaɗai ba, ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku ajiye su a wurin mutum ɗaya mai amana.

Yadda ake ɗaga ƙafa

Ka fara sassauta notocin tun tayar tana ƙasa. Ka tokare ɗaya ƙafar gaba da baya da dutse ko gungumen icce. Mutum biyu su ɗaga da sanda mai ƙarfi, na uku ya tura kututture ko tsohon turmi ƙarƙashin ƙarfen ƙafa. Kada ka sa kanka ko ƙafarka ƙarƙashin amalanken da mutum ne kawai ke riƙe da shi. Ka kori yara daga wurin.

Facin taya

Ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba su da tausayin taya. Idan tayarka ta sace, ga abin yi:

1. Ka fitar da sauran iskar, ka ɓanɓaro gefe ɗaya na tayar, ka zaro tiyub a hankali don kada ƙarfe ya cije shi.
2. Ka ɗan hura masa iska, ka tsoma shi cikin ruwa. Inda kumfa ke fita, nan hujin yake. Ka sa alama.
3. Ka busar da wurin, ka kankare shi da takardar yashi ko dutse mai kaushi.
4. Ka shafa sholisho kaɗan, ka jira ya sha iska har ya daina bin yatsa. Sannan ka ɗora facin, ka danne da ƙarfi.
5. Ka bi cikin tayar da tsumma domin gano ƙayar da ta huda. Idan ka bar ta a ciki, gobe ma za ka sake faci.

Idan tayar kanta ta yage kaɗan, ka yanko tsohuwar roba ka shimfiɗa ta ciki don ta kare tiyub. Amma tayar da wayoyinta suka fito, ko gefenta ya kumbura, kwananta ya ƙare.

A nan karatu zai yi maka rana. A jikin kowace taya akwai lambobi, misali 185 R 14. Lamba ta ƙarshe tana nuna girman rim da inci. Taya mai lamba 13 ba za ta shiga rim mai 14 ba. Ka kwafi lambar a takarda kafin ka tafi kasuwa, ka karanta ta da idonka a jikin wadda za ka saya.

Gyaran boris

Bayan ka ɗaga ƙafa, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. Idan tana rawa, ko tana kuka sa'ad da ka juya ta, ko cibiyar tana yin zafi bayan tafiya, boris na neman taimako. Yashin ƙasarmu shi ne babban maƙiyinsa. Idan ya shiga ciki ya gauraya da giris, sai ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen niƙa.

Ka cire murfin cibiya, ka zare ƴar wayar da ke kulle babban noti, ka kwance notin. Ka jera duk abin da ka ciro a kan tsumma bi da bi, don ka san yadda za ka mayar. Ka wanke boris da kananzir, ka bar shi ya bushe. Idan ka ga tabo, ko tsaga, ko launinsa ya koma shuɗi saboda zafi, sai an sake shi. Ka tafi da tsohon kasuwa, domin shi ma yana da lamba a jikinsa. Idan lafiyarsa lau, ka cusa masa sabon giris da tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen.

Wajen mayarwa, ka ɗaure babban notin kana juya ƙafar, har ka ji ta ɗan yi nauyi. Sai ka sassauta kaɗan yadda za ta juya sumul ba tare da rawa ba. Ka mayar da wayar kulle. Kada ka manta da ita, domin ita ce ke hana ƙafa ficewa a kan hanya. Idan murfin ya ɓace, ka rufe bakin da gwangwani ko roba kafin ka samu wani. Giris na kuɗi kaɗan yakan ceci ƙarfen ƙafa mai tsada. Rigakafi ya fi magani.

Aikin mai walda

Tsagewar gado ko ta ƙarfen ƙafa ba aikin waya da igiya ba ne. Ɗauri da waya zai iya kai ka gida da amalanke fanko, amma kada ka ɗora masa kaya ko mutane. Duk da haka kana iya rage kuɗin walda. Ka cire katakon da ke kusa da wurin da kanka, ka kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya fito fes. Ka nemo guntun ƙarfe mai kauri daidai da na gadon, ka ce a ɗora shi a kan tsagar ya zarce ta ta kowane gefe. Ku daidaita farashi tun kafin a kunna inji.

Ka kiyaye abu uku. Kada a yi wa rim walda alhali taya tana jikinsa, ko da an fitar da iska, domin zafi na iya sa ta fashe ta kashe mutum. Kada a kusantar da wuta ga gangar da ta taɓa ɗaukar fetur. Kada kuma kai ko ɗanka ku kalli hasken walda, yana ƙona ido.

Katako da hannaye

Ka soki katako da bakin wuƙa. Idan ta shiga da sauƙi, gara ko ruwa sun cinye shi. Ba dole ba ne ka sake duka, ka cire wanda ya ruɓe kawai. Ƙusa mai noti ta fi ƙusar bugawa riƙo, domin girgizar hanya tana zare ƙusar bugawa. Mutane da yawa sukan shafa wa katako baƙin man inji don korar gara. Idan za ka yi haka, ka yi nesa da rijiya, kuma kada ka ɗora abinci a kai ba shimfiɗa. Idan icce za ka sara a daji, ka fara neman izinin ma'aikatan gandun daji.

Hannun da ya lanƙwashe yana gogar jikin jaki har ya yi masa miki. Ka duba akumari da ɗamarar ƙirji. Su kasance masu faɗi da taushi, ba siririyar igiya ko waya a jikin fata. Tsohon buhu da tsumma sun isa yin matashi mai kyau. Dabbar da ta yi miki a bar ta ta huta har ta warke, domin sayen wani jaki ya fi kowane gyara tsada.

Lodi daidai gwargwado

Yawancin karyewa daga yawan kaya take. Galibi amalanken jaki an ƙera shi ne don ɗaukar kimanin kilo 500, na shanu biyu kuma kimanin kilo 1000, a hanya mai kyau. A cikin yashi sai ka rage. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ganga mai lita 200 kilo 200 ce, ban da nauyin gangar. Jarka 20 masu lita 25 sun kai kilo 500.

Wurin da ka ajiye kayan ma yana da muhimmanci. Dubi tirelar da ke bin babbar hanya. Gabanta yana zaune a kan faifan ƙarfe da ke bisa ƙafafun baya na kan motar. A Amurka akwai gidajen tafiya da ƙananan motocin ɗaukar kaya ke ja ta wannan hanya, kuma akan bar wa motar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin gidan. Ka'idar ɗaya ce da ta amalanke: tayoyi su ɗauki mafi yawan nauyi, mai ja ya ɗauki kaɗan. Ka sa kaya mai nauyi a kan ƙarfen ƙafa, ya ɗan karkata gaba. Idan ya yi gaba da yawa zai danne bayan jaki. Idan ya yi baya zai ɗaga shi sama.

Asusun gyara

Duk ranar da amalanke ya yi aikin kuɗi, ka cire dala 20, wato sefa 100, ka ajiye daban. A kwana 30 na aiki ka tara sefa 3000, wato jika uku. Ka rubuta abin da ka ajiye da abin da ka kashe. Ka yi babban dubawa sau biyu a shekara: kafin kwasar amfanin gona, da kuma farkon rani kafin jigilar ruwa da taki. Kowane mako ka duba iska, ka ɗaure notoci. Ka riƙa ajiye amalanke a inuwa, domin rana tana tsattsaga roba. Idan kana hawa kwalta da dare, ka manna abu mai ƙyalli a bayansa don direbobi su hango ka.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne sassa biyar ne ke jikin amalanke?
2. Me lamba ta ƙarshe a jikin taya take nunawa? Ka kwafo lambar tayar wani amalanke a garinku.
3. Jarka nawa masu lita 25 za su yi kilo 300?
4. Idan ka ajiye dala 20 kullum, sefa nawa za ka tara a kwana 50?
5. Yaya mutanen garinku za su haɗa kai su mallaki kayan gyara?