Gidan Waya a Ɗakin Baya: Tarihin Sabar Imel da Masu Kula da Ita

A daren 1 ga Janairun 2022 saƙonnin imel suka tsaya cak a kamfanoni da ma'aikatu da dama na duniya, waɗanda ke ajiye da sabar Exchange ta Microsoft a cikin gininsu. Wuta ba ta ɗauke ba, ɓarawo bai shiga ba. Sashen da ke duba saƙo ko yana ɗauke da cuta ne ya karɓi sabuwar lamba mai farawa da kwanan wata, 2201010001, alhali gurbin da aka tanadar mata ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Lamba ta fi ƙarfin gurbi, mai duba ya faɗi, saƙo kuwa ba ya wucewa sai an duba shi. Wasiƙu suka yi ta taruwa a layi, masu kula da saba suka bar hutun sabuwar shekara suka koma ofis.

Mutanen nan da wuya a tuna da su sai ranar da saƙo ya ƙi tafiya. Ni kuwa aikinsu ya daɗe yana ba ni sha'awa, domin kusan duk wahalar da suke sha a yau tana da tushe guda: an gina imel ne a tsakanin mutanen da suka san juna, suka amince da juna, daga baya duniya duka ta shigo gidan.

A 1965, a jami'ar MIT da ke Amurka, mutane da yawa na raba babbar kwamfuta ɗaya. Tom Van Vleck da Noel Morris suka rubuta wata 'yar manhaja da za ka bar wa abokin aikinka rubutu a cikin fayil ɗinsa, ya gani in ya zauna. Saƙon bai fita daga na'urar ba. Wanda ya fitar da shi waje shi ne Ray Tomlinson na kamfanin BBN, a 1971, ta hanyar ARPANET, wadda ma'aikatar tsaron Amurka ke ɗaukar nauyinta don haɗa jami'o'i da cibiyoyin bincike. Shi ya zaɓi alamar @ ta raba sunan mutum da sunan na'urar da akwatinsa yake. Daga ranar aka sami na'urar da aikinta karɓar wasiƙar wani ta ajiye masa, kuma dole wani ya kula da ita.

Jama'ar ARPANET 'yan kaɗan ne. A watan Mayun 1978 wani ɗan tallan kamfanin DEC mai suna Gary Thuerk ya aika wa mutum wajen 400 gayyatar ganin sabuwar kwamfuta, sai aka yi masa ca, hukumar da ke kula da hanyar ta ja wa kamfaninsa kunne. A lokacin jan kunne ya isa, don kowa ya san inda kowa yake aiki.

A wannan yanayi ne Jon Postel ya fitar da ƙa'idar aika saƙo da ake kira SMTP, a watan Agustan 1982, kuma da ita muke aiki har gobe. Ya kamata mai karatu ya ga yadda take, domin hira ce ta fili da mutum zai iya bugawa da hannunsa. Saba mai aikawa takan ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 25, ta yi sallama da kalmar HELO ta faɗi sunanta. Ta ce saƙon daga wane yake, ta ce zuwa ga wane, ta zuba rubutun, ta rufe da ɗigo guda a layi shi kaɗai. Mai karɓa tana amsa kowace gaɓa da lamba. In ta ce 250, ta karɓa. In lambar ta fara da 4, tana nufin a dawo anjima, sai mai aikawa ta ajiye saƙon a layi ta yi ta gwadawa har kwana huɗu ko biyar. In ta fara da 5, kamar 550, an ƙi ke nan, saƙo ya koma wa mai shi. A duk hirar nan ba inda ake tambayar shaida. Ka ce kai wane ne, an yarda. Bayan haka, a wancan zamani saba takan karɓi wasiƙar baƙo zuwa ga wani baƙo ta miƙa gaba, kamar direban da ake ba wa saƙo a tasha ya kai don zumunci. A watan Agustan nan ne kuma David Crocker ya fitar da ƙa'idar tsarin rubutun saƙo, wadda ta wajabta wa kowace saba ta mallaki adireshi mai suna postmaster, wato shugaban gidan waya, inda za a sami mutum mai rai a kai masa kuka. Nan aka raɗa wa wannan aiki suna.

Manhajar da ta ɗauki nauyin wasiƙun duniya shekaru da yawa ita ce sendmail, wadda Eric Allman ya rubuta a jami'ar Berkeley, ta fito a 1983. Matsalar da ke gabansa babba ce, don hanyoyin sadarwa na lokacin kowace da irin adireshinta. A hanyar UUCP sai ka jera sunan kowace na'ura da saƙonka zai ratsa, kana raba su da alamar motsin rai. Allman ya yi manhaja mai iya juya kowane irin adireshi zuwa wani, amma fayil ɗin da ake saita ta da shi ya cika da alamomin dala da baka-biyu, har ya zama abin tsoro ga masu koyon aiki. A 1986 aka sauƙaƙa wani ɓangare, aka shigar da bayanin MX cikin kundin sunayen intanet, wanda ke faɗa wa duniya wace na'ura ke karɓar wasiƙun wane kamfani.

Akwai labarin da wani mai kula da saba, Trey Harris, ya bayar, wanda ke nuna irin tunanin da aikin ke bukata. Yana aiki a wata jami'a a jihar Carolina ta Arewa, sai shugaban sashen ƙididdiga ya kira shi ya ce saƙonsu ba ya wuce mil 500. Magana kamar tatsuniya, amma da ya gwada sai ya ga haka ne. Ashe wani ya sabunta na'urar, garin haka tsohuwar sendmail ta maye gurbin sabuwa, ta kasa karanta fayil ɗin saiti, lokacin jiran amsa ya koma sifili. A aikace na'urar na yanke hira bayan kamar kashi uku cikin dubu na daƙiƙa, kuma tafiyar da haske ke yi a wannan ɗan lokaci ta ɗan haura mil 500. Abin da ya burge ni shi ne bai raina kukan mai kuka ba, ya zauna ya auna.

Amanar farko ta fara tsagewa ranar 2 ga Nuwamban 1988, da Robert Tappan Morris, ɗalibi a jami'ar Cornell, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta. Ɗaya daga ƙofofin da ta bi wata kafa ce da aka bari a sendmail don gwaji. Dubban na'urori suka durƙushe, wasu cibiyoyi suka cire kansu daga hanyar, har bayanin magani da ake aikawa ta imel ya maƙale a hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu rubuta manhajojin saba na qmail da Postfix a shekarun 1990, Daniel Bernstein da Wietse Venema, sun raba aikin saba gida-gida, kowane sashe da ɗan ikonsa, don in an fasa ɗaki ɗaya kada a cinye gidan duka.

Kamfanoni kuwa ta wata hanya suka biyo. Kowanne da nasa tsibirin: cc:Mail, Microsoft Mail, ko Lotus Notes da ta fito a 1989. Exchange ta zo a 1996, ta haɗa wasiƙa da kalanda da littafin adireshin ma'aikata wuri guda, sai sabar imel ta zama zuciyar ofis. A lokacin ƙaramin nau'inta na da iyakar ajiya ta gigabait 16, in ta cika sai rumbun ya rufe, kowa ya zauna. Abin da ke cika shi kuwa fayilolin da ake maƙalawa ne, waɗanda ƙa'idar MIME ta Nathaniel Borenstein da Ned Freed ta buɗe wa hanya a 1992. Wannan ƙa'ida ta shafe mu kai tsaye. Imel na farko haruffa 128 kacal ya sani, na Ingilishi, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. MIME ce ta ba saƙo damar faɗin tsarin haruffan da aka rubuta shi da su. Duk wanda ya taɓa karɓar saƙon Hausa ya ga alamar tambaya a gurbin harafi mai lanƙwasa, ya ci karo da ragowar wancan zamani.

Da intanet ta zama kasuwa, 'yan tallan banza suka gano sabobin nan masu kai saƙon kowa kyauta, suka mayar da su jakunansu. A 1997 Paul Vixie ya fara jerin baƙin littafi na na'urorin da shara ke fitowa daga gare su, Spamhaus ta biyo baya a 1998, a shekarar kuma sendmail ta daina miƙa saƙon baƙo sai an ba ta izini. Cututtukan Melissa a 1999 da ILOVEYOU a 2000, masu aika kansu ga mutanen da ke littafin adireshinka, sun sa manyan kamfanoni kashe sabarsu da hannunsu. Najeriya ta sha nata rabon, domin wasiƙun damfara da duniya ke kira 419, lambar sashen dokar laifuffukanmu, sun sa ana kallon saƙon da ya fito daga nan da ido ɗaya. Wake ɗaya ya ɓata gari, ɗan kasuwa mai gaskiya ya biya kuɗin laifin da bai yi ba.

Na ga wannan da idona a wani ofis a Kano. Da safe manaja ya leƙo ɗakin baya inda saba take, ya ce, "Injiniya, takardar da na tura Legas jiya ba ta je ba." Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni minti goma." Ya buɗe rajistar da na'ura ke rubuta duk abin da ta yi, yana bin layi da yatsa, ya tarar da 550 da sunan wani baƙin littafi a gefe. Ya duba layin jira, ya ga dubban saƙonni na tallan magani, duk daga akwatin wata ma'aikaciya da ta tafi hutun haihuwa. Kalmar sirrinta mai sauƙi ce, wani ya cinka, ya kwana yana aika shara da sunan kamfanin. Ya rufe akwatin, ya tsince saƙonnin gaskiya daga cikin sharar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya cike fom yana roƙon a cire su daga jerin. Minti goman nan kwana biyu ya zama, ana ta hura masa wuta, ba wanda ya tambaye shi ko ya ci abinci.

Tun da ba a iya rushe ginin Postel a sake sabo, faci aka yi ta yi masa. Da SPF kamfani ke shelar na'urorin da ya yarda su aika saƙo da sunansa. DKIM, wadda ta zama ƙa'ida a 2007, hatimi ce da saba ke bugawa a kan saƙo. DMARC ta zo a 2012, tana faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi jarrabawa. Dukkansu ƙoƙari ne na tambayar shaidar da ba a tambaya ba a 1982.

Nauyin ya yi wa ƙananan ofisoshi yawa. Gmail ta fito a 2004, Office 365 a 2011, kamfanoni suka fara miƙa akwatunansu haya. Waɗanda suka riƙe nasu sun ga tashin hankali a Maris ɗin 2021, da aka gano wasu kafofi a Exchange, masu kutse suka shiga dubun-dubatar sabobi kafin a liƙe. Abin ya kai kotu a Amurka ta ba hukumar FBI izinin shiga na'urorin kamfanoni ta goge abin da ɓarayi suka dasa. A Fabrairun 2024 kuma Google da Yahoo suka gindaya wa masu aika saƙo da yawa sharaɗin SPF da DKIM da DMARC. Sharaɗin mai kyau ne, ina goyon bayansa. Abin da ke damuna shi ne hanyar da aka gina don kowa ya iya buɗe gidan wayarsa ta koma hannun kamfanoni 'yan ƙalilan, su ke yanke wanda za a ji da wanda za a jefa kwandon shara, kuma da wuya ƙaramin mai saba ya sami mutum a can da zai saurari kukansa.

Da na koma ofishin nan na Kano bayan shekaru, na tarar an kashe sabar, tana ɗakin baya an lulluɓe ta da leda saboda ƙurar hunturu. Injiniya na nan, gashinsa ya fara furfura. Yanzu aikinsa buɗe wa sabon ma'aikaci akwati, rufe na wanda ya tafi, da lura da layuka uku na SPF da DKIM da DMARC a kundin sunaye. Ina zaune wani ya leƙo ya ce saƙonsa bai je ba. Ya duba iya abin da aka ba shi ikon gani, bai sami dalili ba, ya rubuta wa kamfanin da suke haya a wurinsa, aka ba shi lambar jira. Ya juyo ya ce wa mai kukan, "Yallaɓai, sai sun amsa."