Electric Ladyland: faifan da Jimi Hendrix ya riƙe ragamarsa da kansa

Electric Ladyland shi ne kundin waƙoƙi na uku, kuma na ƙarshe, da ƙungiyar The Jimi Hendrix Experience ta naɗa a sutudiyo. Ya fito a Amurka ranar 16 ga watan Oktoba na 1968, a faifai biyu masu ɗauke da waƙoƙi 16, tsawonsu kimanin minti 75. Masana kiɗan rock na lissafa shi cikin ayyukan da suka sauya yadda ake kaɗa gitar mai lantarki.

Wane ne Hendrix?

An haifi Jimi Hendrix a birnin Seattle na Amurka ranar 27 ga Nuwamba 1942. Bahago ne, don haka yakan juya gitar Fender Stratocaster ta masu hannun dama, ya sake jera mata tsirkiya. Ya yi shekaru yana kiɗa a bayan wasu mawaƙa, har zuwa 1966 lokacin da Chas Chandler, tsohon ɗan ƙungiyar The Animals, ya gan shi a New York ya tafi da shi Landan. A can aka haɗa shi da Turawan Ingila biyu: Noel Redding mai gitar bas da Mitch Mitchell mai ganguna.

Yadda aka naɗi faifan

An soma aikin a Landan, a sutudiyon Olympic, daga baya aka koma Record Plant da ke New York a 1968. Nan ne saɓani ya kunno kai. Chandler, wanda ya shirya faifai biyu na farko, mutum ne mai son a gama aiki da wuri, domin kowace awa a sutudiyo kuɗi ce. Shi kuwa Hendrix ba ya yarda da waƙa sai ta yi daidai da abin da yake ji a ransa. Waƙar "Gypsy Eyes" kaɗai an maimaita ɗaukarta fiye da sau 40. Ga kuma abokai da ƴan kallo da suke cika ɗakin har tsakar dare.

Da abin ya ishi Chandler, sai ya ajiye aikin. Redding ma ya riƙa ƙaurace wa sutudiyo, abin da ya sa Hendrix ya kaɗa bas da hannunsa a waƙoƙi da dama. Haka faifan ya fito da sunan Hendrix a matsayin wanda ya shirya shi, tare da taimakon injiniyoyin sauti Eddie Kramer da Gary Kellgren.

Fitattun waƙoƙin

Wadda ta fi shahara ita ce "All Along the Watchtower". Asalinta ta Bob Dylan ce, wanda ya fitar da ita a ƙarshen 1967 da kiɗa mai sauƙi. Hendrix ya sake mata tufafi baki ɗaya, har shi Dylan ɗin ya koma rera ta a dandali da salon da ya yi kusa da na Hendrix. Ta kai matsayi na 20 a jerin waƙoƙin Amurka, mafi girman matsayin da wata waƙa tasa ta taka a ƙasar.

"Voodoo Chile" kuwa kiɗan blues ne mai tafiyar hawainiya na tsawon minti 15, wanda aka ɗauka tare da baƙi biyu, Steve Winwood da Jack Casady. Ƙanwarta, "Voodoo Child (Slight Return)", ita ce ta rufe faifan. A cikinta ne aka fi jin na'urar wah-wah, wadda makaɗi ke takawa da ƙafa don gitar ta yi kamar tana magana. Akwai kuma "1983", mai fiye da minti 13, inda sauti ke yawo daga lasifikar hagu zuwa ta dama kamar motsin ruwa.

Karɓuwa da taƙaddama

A watan Nuwamba na 1968 faifan ya hau matsayi na ɗaya a Amurka, a Ingila kuma ya tsaya a na shida. Sai dai bangonsa ya jawo surutu. Hendrix ya nemi a sa hoton ƙungiyar zaune tare da yara a wani lambun New York, amma kamfanin Track na Ingila ya buga hoton mata tsirara. Wasu shaguna sun ƙi baje shi, shi ma Hendrix ya nuna rashin jin daɗinsa.

Abin da ya biyo baya

Ƙungiyar ba ta daɗe ba bayan wannan nasara: Redding ya fice a watan Yuni na 1969. Ganin yawan kuɗin da hayar sutudiyo ke ci, Hendrix ya gina nasa a New York, mai suna Electric Lady, wanda aka buɗe a watan Agusta na 1970. Bai more shi ba. Ya rasu a Landan ranar 18 ga Satumba 1970, yana da shekara 27, bai kammala faifan da yake shiryawa ba. Bayan rasuwarsa ne "Voodoo Child" ta hau matsayi na ɗaya a Ingila.

Tasirinsa ya kai har Sahara. Omara Moctar, makaɗin Agadas da aka fi sani da Bombino, ya sha bayyana cewa a zamanin gudun hijirarsa yana yaro, shi da abokansa sun riƙa kallon bidiyon Hendrix suna kwaikwayon yatsunsa.