Daga kwaɗin Moustapha Alassane zuwa jaruman Marvel: me ke sa ido ya yarda da siddabarun fim?



Duk mai zaman fada a Yamai ya san wannan gardama. Sabon fim ɗin jaruman nan masu tashi sama ya fito, sai ka ji wani ya ce: "Kai, wannan ai montaj ne, ko yaro ya gane!" Wani ya ce na da sun fi. Kuma wallahi suna da hujja. Kuɗin fim sun ƙaru, kwamfutoci sun ƙara ƙarfi, amma sau da yawa idan aktar da shef-bandi suka kama faɗan ƙarshe, sai ka ga kamar 'yan tsana na roba ke dambe. To mene ne ya kawo haka? Amsar tana cikin tarihi, kuma wani babi na tarihin a nan garinmu aka rubuta shi.

Mu fara da abin da ba ya canzawa. Fim hotuna ne tsayayyu da ake wucewa da su da sauri, 24 a kowace daƙiƙa, har ido ya ɗauka motsi ne. Duk siddabarun da za a yi, da hannu ko da na'ura, a cikin waɗannan hotuna ake yin sa, ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ido ba ya yafe abu uku: nauyi, haske da inuwa. In ƙato ya diro daga sama ƙasa ba ta amsa ba, ƙura ba ta tashi ba, ko hasken fuskarsa ya saɓa da na wurin da yake tsaye, nan take za ka ji a jikinka cewa ƙarya ce, ko da ba ka san dalili ba.

Akwai ɗan ƙasarmu da ya gane wannan tun kwamfuta ba ta shiga harkar fim ba. An haifi Moustapha Alassane a 1942 a N'Dougou. Tun yana yaro yake yanka kwali yana haska fitila, yana nuna wa mutane wasan inuwa. Ya yi kanikanci, sannan ya samu shiga cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, wadda daga baya ta zama IRSH, inda ya haɗu da Jean Rouch. Ta wannan hanya ya je Kanada, ya ga aikin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi, abin da yaranmu ke ce wa desen-anime.

A 1962 ya fitar da Aouré, wato aure. A 1965 ya yi La Mort de Gandji, wanda ake lissafawa cikin zane mai motsi na farko-farko a Afirka ta kudu da Sahara. A 1966 sai ga Bon Voyage Sim: shugaban ƙasar kwaɗi zai tafi ziyarar aiki, ga faretin soja, ga jirgi, ga bankwana, duk a cikin minti biyar. Ku yi lissafi tare da mu. Ko da zane 12 kawai aka sa a daƙiƙa, minti biyar na cin zane 3,600. Babu maɓallin da za ka danna ya gyara maka kuskure. Amma kwaɗin nan in suna tafiya, tafiyar manya suke yi, har ka gane wa ake nufi ba tare da an kira suna ba.

A shekarar 1966 ɗin dai ya yi Le Retour d'un aventurier, inda Zalika Souley ta fara fitowa a fim. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka hana ƙauye sakat. Kun ga ke nan tun a lokacin yana tambayar abin da ke faruwa idan matasa suka ari jaruman wasu suka yafa. Shi kuwa jarumin gida ya kawo shi a 1977 cikin Samba le Grand, labarin sadaukin da gimbiya ta gindaya wa sharuɗɗa masu wuya kafin aure. Da 'yan tsana ya yi shi: a motsa hannu kaɗan, a ɗauki hoto, a ƙara motsawa, a ƙara ɗauka. Haka kuma ya yi Kokoa, inda kwaɗi ke shiga filin kokawa kamar a gasar takobi.

Shekara guda bayan Samba, a 1978, Amurkawa suka fitar da Superman. Christopher Reeve da wayoyi aka rataye shi, ana haska hoton gari a bayansa. Har zuwa Jurassic Park na 1993, dodannin da kwamfuta ta zana ba su wuce kusan minti shida ba a duk fim ɗin. Sauran manyan mutum-mutumi ne aka ƙera, ruwan sama na dukansu da gaske. Da yake aikin kwamfutar kaɗan ne, an zauna an yi shi da natsuwa, shi ya sa har yau bai tsufa ba.

Daga baya abin ya juye. Avengers: Endgame na 2019 yana da wurare kusan 2,500 da aka taɓa da kwamfuta. Ɗan wasa na tsaye a ɗaki mai koren labule, sai daga baya a zana masa gari, sararin sama, wani lokaci har rigar jikinsa. Ana raba aikin ga kamfanoni da dama a ƙasashe daban-daban, su yi takarar farashi, mai araha ya samu. Ranar fitowar fim an riga an sanar da duniya, ba ta motsi, amma masu fim na iya canza shawara saura 'yan makonni, a ce a rushe a sake. Mai zane bai yi barci ba, kuɗinsa ba su ƙaru ba, sai ya miƙa abin da ya samu.

Sakamakon mun gan shi. Black Panther na 2018, wanda ya zo shekara guda bayan buɗe gidan sinima na Canal Olympia a Yamai, ya faranta mana rai ƙwarai, amma faɗansa na ƙarshe ya sha suka. A Justice League na 2017 an goge gashin bakin Henry Cavill da kwamfuta, leɓen ya fito wani iri. The Flash na 2023 ma bai tsira ba. Su ma'aikatan kuwa ba su ji da daɗi ba: kamfanin Rhythm & Hues ya karye a 2013, 'yan kwanaki kafin a ba ma'aikatansa Oscar saboda damisar Life of Pi. A Satumban 2023 masu wannan aiki a Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga sandika. Sai kuma a 2024 Japanawa suka ɗauke Oscar na siddabarun hoto da Godzilla Minus One, aikin mutum 35 kacal, da kuɗin da ba su kai kashi ɗaya cikin goma na manyan fina-finan Marvel ba. Darektan da kansa ya san sana'ar, ya san abin da yake so tun kafin a kunna kyamara.

To ina ruwanmu? Da ruwanmu, domin ƙannenmu da yawa sun yarda cewa in ba ka da kuɗin Amurka, kada ma ka fara. Wasu kuma yanzu sun koma ɗaya gefen, suna ganin ƙirƙirarriyar basira za ta yi musu komai cikin dare ɗaya. Duk biyun tarihin nan ya ƙaryata su. Alassane ya koma Tawa da zama, ya rungumi kwamfuta a ƙarshen rayuwarsa yana ci gaba da zane, har ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Kayan aiki sun canza a hannunsa, haƙurin bai canza ba. Kuma cutar da ta kama Marvel muna da irinta a gida: a ɗauki kilif ko fim cikin kwana uku, a ce wa mai montaj ya sa aljani ya ɓace kafin gobe, in bai yi kyau ba a ce Nijar ce ba ta iya ba.

A 2017 gidan adana fasaha na MoMA a birnin New York ya ware kwanaki yana nuna fina-finansa. A 2024 aka sauya wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar suna, ta koma Cibiyar Moustapha Alassane. Madalla da wannan. Amma ku tambayi 'yan lise goma a unguwarku ko sun taɓa ganin Bon Voyage Sim. Suna a jikin bango ba ya koyar da yaro zane. Roƙonmu shi ne a riƙa nuna waɗannan fina-finai a can, da cibiyar Oumarou Ganda, da tele, da makarantu, a kuma buɗe ajin zane mai motsi ko da na hutun ƙarshen shekara ne.

Labaran jarumai kuwa ba mu rasa su ba. Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinta, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi. Ranar da wani ɗanmu ko 'yarmu za su sake ɗauko ta da kwamfuta, abin da za mu ba su bai wuce lokaci da haƙƙin guminsu ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya jiƙan mazan jiya.