Ƙofofin intanet: me ya sa VPN bai yi amfani ba lokacin da aka rufe sabis a Ƙanƙara?

Duk wanda yake Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa a watan Satumban 2021 ba zai manta da lokacin da sabis ya ɗauke ɗif ba. Gwamnatin Aminu Bello Masari ce ta nemi a rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, bayan an yi irin haka a Zamfara. Wata uku kafin nan, a farkon Yuni, gwamnatin tarayya ta toshe Twitter, amma matasa suka sauke VPN suka ci gaba da shiga abinsu. Shi ya sa wasu suka ɗauka wannan karon ma VPN zai fisshe su. Ina! Ko motsi bai yi ba. Dalilin kuwa sai mun koma baya kusan shekara hamsin.

A 1972, lokacin ARPANET, wato kakan intanet ɗin da muke hawa yanzu, wani Ba'amurke mai suna Jon Postel ya kawo shawarar a bai wa kowane irin aiki lambarsa ta dindindin, a kuma samu mutum ɗaya da zai riƙe jerin. Shi ɗin ne ya riƙe har ya rasu a 1998, yanzu kuma jerin yana hannun IANA. Waɗannan lambobi su ake kira fot. Ku ɗauka adireshin IP shi ne gida, fot kuma ƙofar ɗakin da saƙo zai shiga. Daga 0 zuwa 65535 suke, amma waɗanda wayarka ke ƙwanƙwasawa kullum ba su da yawa. Ƙofa ta 53 ta DNS ce, mai fassara suna kamar facebook.com zuwa lamba. Ta 80 ta HTTP ce, ta 443 kuma ta HTTPS, mai kulle bayanai kada wani ya leƙa a hanya. Ta 25 sabobin imel ke miƙa wa juna wasiƙa ta cikinta.

Labarin ƙofa ta 22 ya fi burge ni. A 1995 wani ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro SSH. Ya duba ya ga 21 ta FTP ce, 23 ta Telnet, 22 kuma ba mai ita. Imel kawai ya tura ya roƙa, kashegari aka ba shi. Wanda ya taɓa saita intanet da hannu a tsohuwar Nokia kuma, na san bai manta da rubuta 8080 ba. Ita ma ƙofa ce.

To mu dawo 2021. Da aka toshe Twitter, hanya tana nan lafiya lau, gida ɗaya aka hana zuwa. VPN sai ya naɗe saƙonka ya kai shi wata saba a ƙasar waje, daga can a wuce da shi Twitter. OpenVPN ƙofarsa ta asali 1194 ce, amma yana iya bi ta 443, ya saje da masu buɗe shafuka da manhajar banki. Kamfanin waya ba zai rufe 443 ba, don in ya rufe kusan komai ya tsaya.

A Ƙanƙara kuwa ba ƙofa aka rufe ba, turakun sadarwa aka kashe, ƙarafunan sabis ke nan. Waya ba ta samu adireshin IP ba ma, balle ta nemi ƙofa. Shi ya sa har kira da tes da na'urar POS duk suka tsaya, mai son tura kuɗi ko jin muryar ɗan'uwa sai ya yi tafiya zuwa inda sabis ke kamawa. Sai a watan Disamba aka fara dawo da layukan a Katsina, Twitter kuma aka buɗe shi ranar 13 ga Janairun 2022.