Kamun Kuskure a Ragar Masunta: Daga Dolfin na Teku zuwa Ayun Kogin Kwara

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda dabbobin ruwa masu shayarwa ke mutuwa a ragar da aka kafa wa kifi. Ta kwatanta lamarin dolfin da na ayu, ta kuma nuna cewa kamun da ya soma da kuskure yakan rikiɗe ya zama farauta da zarar an sami mai saye.

1.0 Gabatarwa

Dolfin da ayu da huhu suke numfashi, don haka tilas su riƙa ɗagowa saman ruwa su shaƙi iska. Idan raga ta sarƙe su a ƙasa, nutsewa ke kashe su tun kafin masunci ya zo duba kamunsa. Ragar nailan ta tsananta matsalar, domin ga sirantaka ga ƙwari, kuma ko ta ɓace a ruwa ba ta daina kamu.

2.0 Dolfin a Teku

A gabashin Tekun Fasifik, wani nau'in kifin tuna yakan bi ƙarƙashin garken dolfin. Tun ƙarshen shekarun 1950 manyan jiragen su suka riƙa kewaye garken da taru don su sami kifin, kuma an ƙiyasta dolfin fiye da miliyan 6 sun mutu ta wannan hanya. Amurka ta yi dokar kare dabbobin teku masu shayarwa a 1972, aka kuma koya wa matuƙa ja da jirgi baya har bakin tarun ya nutse, dabbobin su fice. Yau mace-macen da ake bayar da rahotonsu a wannan sana'a ba su kai 2,000 a shekara ba. An ci wannan nasara ne saboda gwangwanin tuna ake sayarwa, dolfin kuwa asara ne ga mai jirgi.

Lamarin Afirka ta Yamma ya sha bamban. A garuruwan gaɓar Gana irin su Dixcove da Axim, dolfin da raga ta kama ana sayar da namansa, ko a yi tarkon kifin shak da shi. Dolfin mai ƙusumbi, Sousa teuszii, wanda babu shi ko'ina sai gaɓar yammacin nahiyar Afirka, ya shiga jerin dabbobin da ke daf da ƙarewa a 2017.

3.0 Ayu da Kasuwar Hausa

Ayu, Trichechus senegalensis, shi ne misali mafi kusa da mu. Yana rayuwa a kogunan Kwara da Binuwai da tafkin Kainji, da tafkunan Lere da Tirene na Chadi. Ciyawa yake ci, kuma macen takan ɗauki ciki kimanin shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tak, shi ya sa garken da aka rage ba ya saurin farfaɗowa. Kalli da aka shimfiɗa a bakin fadama da daddare na kama shi, musamman 'ya'yan.

Mutumin Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Baure ta masarautar Daura, yana iya tsufa bai ga ayu ba, amma da wuya a ce bai ji masu tallar magani na kirarin man ayu ba. Nan ne gizo ke saƙar. Masuncin da ya tarar da ayu a ragarsa ya san kuɗin man da naman sun fi kamun kifi na kwanaki, ga kuma ragar da ta yage tana jiran gyara. Ba shi da dalilin sakinsa. A ganina, laifin mai saye a nan bai gaza na mai kamu ba, ko da abin da aka sayar masa jabu ne, domin cinikin jabun ma raya sunan hajar yake yi.

Doka kam akwai ta. Najeriya ta yi dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, yarjejeniyar CITES kuma ta haramta cinikin ayu tsakanin ƙasashe a 2013. Aiwatarwa ce ta yi rauni.

4.0 Shawara

Ya kamata a haɗa kai da sarakunan ruwa na Yawuri da sauran garuruwan Sarkawa su hana kafa kalli a makiyayar ayu, a kuma biya masuncin da ya saki dabbar da rai kuɗin ragarsa. A tudu kuwa, muna kira ga NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, da masarautu irin ta Daura su zauna da shugabannin masu maganin gargajiya a cire man ayu daga kasuwa.