Tarihin wankin hoto baƙi da fari, da abin da ya bar muna cikin akwati



Har gobe in mutum yana son a fiddo mishi hoto a takarda, cewa yake zai je ya wanke hoto, ko da kuwa daga salula za a tura shi cikin inji. Wannan kalma ta wanki tana da asali. An yi zamanin da ake tsoma hoto cikin ruwan magani, a ɗauraye shi, a shanya bisa igiya kamar tufa. Yau tarihin wannan aiki za mu bi, don ya shafi hotunan iyayenmu da ke jibge cikin akwatuna.

Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya wani Bafaranshe ne, Nicéphore Niépce, ya ɗauke shi wajen 1826 zuwa 1827, daga tagar gidansa. Ya shafa wata irin kwalta bisa farantin kuza, ya bar shi cikin akwati mai ƴar kafa awoyi masu yawa kafin haske ya zana rufin gidaje a kai. Bayan rasuwarsa a 1833, abokin aikinsa Louis Daguerre ya ci gaba, ya koma ga farantin jan ƙarfe da anka shafe da azurfa, ana fiddo hoton da tururin zaiba. Ran 19 ga Agusta 1839 anka bayyana dabarar ga jama'a a Paris. Sai dai hoton Daguerre ƙwaya guda ne tak, ba a iya sake fiddo wani daga gare shi.

Wanda ya warware wannan matsala Bature ne na Ingila, William Henry Fox Talbot, wanda ya yi rajistar tasa dabara a 1841. Shi ya kawo negatif, wato hoton da ke juye, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Daga negatif guda ana iya wanke hoto goma, ko ɗari. Abokinsa John Herschel kuma shi ya nuna maganin da ke narkar da sauran gishirin azurfar da haske bai taɓa ba, don kada hoto ya ci gaba da yin baƙi in an fito da shi sarari. Wannan magani har yau da shi ake aiki. A 1851 anka koma shafa magani bisa gilashi, amma dole a ɗauka a wanke tun yana jiƙe, shi ya sa mai hoto ke yawo da tantinsa na duhu. A 1871 wani likita, Richard Maddox, ya gwada haɗa gishirin azurfa da wani danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi. Daga nan anka samu abin da ake iya busarwa a ajiye, a ɗauka yau a wanke wani sati.

To, a 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak, dala 25 ta Amurka, da fim na hoto 100 a ciki. In ka gama ɗauka sai ka aika kyamarar gaba ɗaya zuwa birnin Rochester, su wanke, su sa sabon fim, su maido maka. A 1900 sunka fiddo Brownie, dala guda. Ɗaukar hoto ta zama ta kowa, amma wanki ya koma hannun kamfani. Duk da haka akwai waɗanda sunka ƙi sakin wankin. Su ne sunka riƙa mai da kicin ko makewayi ɗakin duhu da dare, suna sayen magani irin Rodinal na kamfanin Agfa na Jamus, wanda ya fito a 1891 kuma har yanzu ana sayar da shi, ko D-76 na Kodak da ya fito a 1927. Nan ne asalin masu wankin hoto a gida don sha'awa.

Dalilin da ya sa abin ya yiwu a gida shi ne baƙi da fari ba ya da yawan fitina. Ga yadda ake yi. Cikin duhu ƙirin, ko cikin wata baƙar jaka mai hannuwa biyu, ake warware fim a naɗe shi cikin wani ɗan gwangwani mai murfi da haske ba ya shiga. Daga nan ana iya kunna fitila. A zuba magani na farko, mai fiddo hoto, wanda ke mai da wurin da haske ya taɓa ya zama baƙar azurfa. Bisa ƙa'ida ruwan ya tsaya a digiri 20, a yi minti bakwai zuwa goma gwargwadon irin fim, ana ɗan jijjigawa. A zubar, a sa ruwa mai ɗan tsami ya tsai da aikin, sannan maganin Herschel kamar minti biyar. A ɗauraye sosai, a rataye ya bushe. Wajen fiddo shi a takarda kuma ake kunna jar fitilar nan da muke gani a sinima, don takardar hoto ba ta jin jan haske. A haska negatif bisa takarda ƴan daƙiƙu, a tsoma ta cikin tasa, fuskar mutum ta riƙa fitowa sannu a hankali. Ɗaki guda, tasa uku, ruwa da agogo sun isa.

Wannan sauƙi shi ya ba masu hoto na Afirka ta Yamma dama. Seydou Keïta na Bamako ya fara da Brownie da kawunsa ya kawo mishi a 1935, ya buɗe wurinsa a 1948. A tsakar gida yake ɗauka, da hasken rana, a rataye zane a baya, a ba mutum aron rediyo ko agogo ko keke ya tsaya da shi. Yawanci sau guda yake latsawa kowane mutum, don fim da tsada. Malick Sidibé, shi ma a Bamako, wuraren rawar samari yake bi da dare, ya koma ya kwana yana wanki, ya manna ƙananan hotuna bisa kwali da lambobi, gari na wayewa kowa ya zo ya zaɓi nashi. A Bobo Julaso akwai Sanlé Sory da wurinsa Volta Photo, wanda ya buɗe a 1960.

Mu ma nan Nijar muna da namu. Philippe Koudjina, an haife shi a 1940, asalinsa Togo, ya zauna Yamai tun wajen lokacin samun ƴancin kai. Wurinsa Photo Souvenir ake ce mishi. Shekarun 1960 da 1970 ya bi dararen Yamai da kyamara: gidajen rawa, makaɗa, samari da ƴanmata cikin ado, sojoji, manyan baƙi. Wanda ke son ganin yadda babban birninmu yake a waɗannan shekaru, hotunansa na cikin shaidun da sunka rage. Ban da irinsu, ga masu akwati mai ƙafa uku da ke zama bakin kasuwa ko kusa da ofisoshi, masu ɗaukar hoton katin shaida. Akwatin nan shi ne kyamara, shi ne ɗakin duhu. Mai shi zai zura hannu ta wani baƙin ƙyalle, ya wanke takardar a ciki, ya fiddo ta juye, ya sake ɗaukar ta don ta dawo daidai, ya miƙa maka hotonka da ɗan damshinsa.

Kuma ku tuna a wane yanayi sunka yi wannan aiki. Magani na son digiri 20, mu kuwa watan Afrilu muna haura 40. Ruwa in ya yi ɗumi magani ya yi gaggawa, danƙon fim ya yi laushi, shi ya sa dare da asuba sunka fi dacewa da wanki. Lokacin hunturu kuma ga ƙura, ƙwaya guda ta zauna bisa jiƙaƙƙen negatif ta zama tabo har abada. Fim da takarda da magani duk daga waje suke zuwa. Kuskure guda asara ce.

Abin da ya karya sana'ar hoto mai kala ne. Tsarin wankin kala da Kodak ya fito da shi a 1972 yana son ruwa ya tsaya daidai wajen digiri 38, ba sama ba ƙasa, aikin inji ke nan. Cikin shekarun 1980 labo na kala sunka bazu a biranen yankinmu. Duk wanda ya sayi ƴar kyamara ya zama mai hoto, ya ɗauka ya kai labo. Gwanin da ya yi shekara ashirin yana koyon ɗakin duhu sai iliminsa ya rasa mai saye. Koudjina kansa cikin ƙunci ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a Yamai a 2014. Su ma manyan kamfanonin ba su tsira ba. Wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamara marar fim a 1975, kuma ita ce ta zo ta ci gidansu, har Kodak ya shigar da takardar karayar arziki a Janairun 2012. Ilford na Ingila, wanda ya faro tun 1879, ya durƙushe a 2004, shugabanninsa sunka saye shi a 2005, har yanzu yana yin fim baƙi da fari. Da shi da irinsa ne matasa a Turai da Amurka da Japan ke wanki a gida yau. Har akwai masu haɗa maganin da garin kofi da bitamin C da sodar wanki, ƴar'uwar kanwarmu. Wanki da kofi kuwa an gwada shi a wata makarantar Rochester a 1995.

To jama'a, ga inda zancen ya shafe mu. A 1991 an nuna wasu hotunan Seydou Keïta a New York ba tare da sunansa ba. Da anka biyo sawu har Bamako, sai anka tarar da tsohon da dubban negatif ɗinsa a ajiye. Da su anka sake wanke hotunan manya manya, duniya ta san shi. A 1994 anka fara taron masu hoto na Afirka a Bamako, a 2007 kuma Malick Sidibé ya karɓi lambar Zakin Zinariya a birnin Venise na Italiya. Da sun zubar da negatif ɗinsu, da babu ko ɗaya cikin wannan. Negatif baƙi da fari in an wanke shi da kyau yana iya haura shekara ɗari, alhali hoton salula, in ba a ajiye shi wani wuri ba, ranar da wayar ta faɗa ruwa ya tafi.

Garuruwanmu sun yi masu hoto da sunka ɗauki bikin aure, da suna, da hawan salla, da kokowa, da ƴan lakkwal. Wasu sun rasu, kayansu na hannun magada da ba su san darajarsu ba. In kun ci karo da waɗannan baƙaƙen ledoji masu fuskoki juye, kada ku ba yara su yi wasa, kada ku ƙona. A riƙe su ta gefe, a sa cikin ambulan na takarda, a ɗaga su nesa da damshi da gara da zafin kwano. Tsofaffin hotuna kuma a zauna da dattawa tun suna raye, a rubuta sunan kowa da garin da shekara a baya, da fensir. Kuma in akwai tsohon mai wankin hoto a unguwarku, ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi yadda ake yi.

Wanda ya san wani daga cikinsu a garinsu, ya sanar da mu. Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya ba mu ikon adana abin da sunka bari. Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya kai mu.