Dabino a Ƙasar Tambuwal: Ƙwallo ko Toho?



Maganar da zan yi yau ta taso ne daga wani abu da ake gani yanzu a Tambuwal da Kebbe, watau yadda magidanta ke sayen ƙwallon dabino da ƙananan dashe, da sunan ingantaccen iri ne, don su shuka a gida. Ina so mu duba abin da tarihi ya ce game da wannan ciniki.

Tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal, a ƙarni na 19, mutanen wannan yanki sun fi sanin dabino a kasuwa bisa ga saninsa a gona. Ayarin Azbinawa ne ke ɗauko shi tare da gishiri daga Bilma da Fachi, ya ratsa ta Agadas, har ya iso kasuwannin ƙasar Hausa. Wanda ya ci sai ya yar da ƙwallo, wani kuwa ya tsira a bayan gida. Da yawa daga itatuwan dabinon ƙasar Hausa haka suka samu, shi ya sa ba su da suna, kuma kowane da irin 'ya'yansa.

Dalili kuwa shi ne dabino yana da namiji yana da mace. Idan aka shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai fito maza ne, waɗanda ba su 'ya'ya, kuma mai shi ba zai gane ba sai sun yi fure, bayan shekara 4 ko fiye. Matan ma ba lalle su gado uwarsu ba. Abin da ke gadon uwa sak shi ne tohon da ke fitowa a gindinta.

Alal misali, dabinon nan mai suna Majhul asalinsa na Maroko ne. A shekara ta 1927, sa'ad da wata cuta ke kashe itatuwan can, wani masani, Walter Swingle, ya ɗauki toho 11 ya kai Amurka. Daga waɗannan aka yaɗa Majhul ɗin Kalifoniya. Da ƙwallo ya ɗauka, da irin ya ɓace masa.

Saboda haka, wanda ke son dabino a gidansa sai ya nemi ganin uwar dashen da idonsa, ko kuwa ya nufi tashar binciken dabino ta NIFOR da ke Dutse, a Jihar Jigawa. Kada kuma ya manta da namiji, ko da ɗaya ne, don a kaɗa furensa a kan na matan. Magidancin da ya yi shekara 5 yana ban ruwa, sannan ya tarar namiji ya rena, ba kuɗinsa kaɗai ya yi hasara ba, har da shekarunsa.